Dunƙulallen Hannun Malam Yahuza

A Madani ciwon ya same shi, can ƙasar Sudan, a tsakiyar gonar auduga. Lokacin ba a daɗe da gama babban yaƙin Turawa ba, mu kuma mun kwashe shekaru a hanya tun barinmu Kazaure za mu aikin hajji, ni da maigidana Malam Yahuza, muna tafiya muna tsayawa neman guzuri. Ni Dije duk inda muka ya da zango sai in kafa kasko in soya ƙosai. Shi kuma yana karantar da 'ya'yan Hausawan wurin, in kaka ta yi ya shiga tsinkar auduga kamar kowa. Ran nan da hantsi sai ga shi an kawo mini shi a kan jaki, mutum biyu na tallafe da shi, baki a karkace, miyau na zuba, hannun dama da ƙafar dama suna reto kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na yi salati na saki ludayin da ke hannuna cikin mai.

Ya yi makonni a kwance. Maganar ta dawo a hankali, da nauyi-nauyi, amma ta dawo. Hannun ne dai in ka ɗaga ka saki sai ya faɗi yaraf, babu ko motsi. Sai wata safiya ina goge masa jiki na ji hannun ya turje mini. Na sake ja, ya sake turjewa. Wallahi guɗa na rangaɗa! Matan gidan suka fito suna yi mini barka, kowa na cewa ƙarfi ya dawo, har na raba ƙosai sadaka. Ashe murnar banza muke yi. Kullum sai hannun ya ƙara ƙagewa: gwiwar hannu ta lanƙwashe ta manne a ƙirji, wuyan hannu ya karyo ciki, babban yatsa ya shige tafi, sauran huɗun suka rufe a kansa gam. Ƙafar kuma ta yi akasin haka, ta miƙe sambal kamar taɓarya, yatsu na kallon ƙasa, in zai yi taku sai ya zagayo da ita ta gefe.

Dattawan zango suka taru suka ce ya haƙura ya zauna a Madani, ai Allah ya ga niyyarsa. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce da wannan nauyayyen harshen nasa, "Ban baro gida don a binne ni a gindin audugar wani ba." Ni na san mijina. Na tashi na fara ɗaure kaya.

A Sawakin, bakin teku, aka tsoratar da mu cewa likitocin hukuma za su mayar da shi in sun gan shi a haka. Sai mu da wasu maniyyata muka biye wa wani mai jirgin katako mai tafiya da iska, wanda ya rantse mana da Allah da Annabi zai sauke mu a Jidda. Allah ya isa tsakanina da wannan mutumin har gobe kiyama. Muka sha amai, muka sha ƙishi, da gari ya waye ya zube mu a wani rairayi, ya nuna wani tudu da yatsa ya ce Jidda na bayansa, ya juya jirginsa. Maza suka hau tudun suka dawo jiki ba ƙwari. Babu Jidda, babu ko bukka. Mun yi kudu da nisa, sai rairayi da duwatsu da rana.

Ayarin ya yi gaba ya bar mu, ban kuma ga laifinsu ba, kowa ta ransa yake. Malam na jan ƙafa, ni ina ɗauke da kaya a ka, kafaɗata ɗaya a ƙarƙashin hammatarsa. Wata tsohuwar Balarabiyar daji mai kiwon awaki ce ta tsince mu a gindin wata ƙaya, leɓunanmu sun tsattsage. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta tatso nono ta ɗura wa Malam da hannunta, ta ɗora shi a kan jakinta, ta raka mu har rijiya ta gaba. Da na kwance ɗankwalina na miƙa mata sai ta ture hannuna tana faɗa, kamar na zage ta.

Da muka isa miƙati, inda mai zuwa Makka ke ɗaura harami, aikin hajji da sauran watanni, don haka umra muka yi niyya. Na yi wa Malam wanka, na yanke masa faratan hannun hagu da na ƙafa kamar yadda ake yi, don in an ɗaura harami babu sauran yankan farce, babu aski, babu rufe kai, sai an yi ɗawafi an yi Safa da Marwa. Na zo kan hannun dama na yi na yi ya buɗu, ya ƙi. Na ce, "Bar shi, Malam, kwana nawa ne? Muna isa ka yi ɗawafinka ka kwance, sai mu san yadda za mu yi da shi." Ya yafa fararen ƙyallayensa biyu, muka kama talbiyya.

A Makka muka sauka a Jarwal, unguwar da mutanenmu suka yi yawa, waɗanda Larabawa ke kira Takari. Bukkoki ne na buhu da gwangwani da kara, a manne da juna. Wata dattijuwa, Goggo Hauwa, ta ba mu ɗaki. A Makka aka haife ta, iyayenta Zazzagawa ne, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, Hausarta kuwa rabi da rabi ce da Larabci. Da ta ji ƙanshin ɗan guntun daddawar da na ɓoye a ƙullin zanena sai ta karɓa ta shinshina, hawaye suka zubo mata, ta ce, "Ya binti, ƙamshin ummata ke nan." Ni ma sai na ji kewar gida ta taso mini, muka zauna muka yi kukanmu tare, ba mu ma gama gaisawa ba.

Washegari na shirya, na ce wa Malam ya tashi mu tafi Harami. Yana zaune a kan buzu da butarsa a gaba, ya ce ba inda za shi.

Na ce, "Ban ji ba."

Ya ce, "Ɗawafi ba ya yiwuwa sai da alwala. Alwala kuwa sai ruwa ya game hannu, an cuɗa, an tsettsefe yatsu. Tafin nan rabonsa da ruwa tun Madani."

"To sallar da kake yi kullum fa?"

"Salla lokaci ke kora ta, dole in yi da abin da ya samu. Ɗawafi ba mai korarsa. Zan jira."

"Haba Malam! Kai da ke karantar da mutane cewa mai lalura an yi masa sauƙi?"

Sai ya ɗaga hannun da na hagunsa ya nuna mini. Ya ce, "Dube shi, Dije. Wannan ya yi miki kama da matacce? Hannun da ƙato ba ya iya ɓamɓarewa? In na yi fushi sai ya ƙara damƙewa. In na yi hamma sai ki ga yatsun sun miƙe da kansu. Ashe yana jin abin da ke zuciyata ke nan. Akwai abin da na riƙe wanda ban sake ba, shi ya sa aka nuna mini a hannu. Ba zan tsaya gaban Ɗakin Allah da dunƙulallen hannu ba."

Malaman unguwa sun zo, sun kawo masa hujja daga littattafan da shi ma ya sani. Ya yi musu godiya, ya raka su da ido, ko gezau. Mutumin nan in ya kafe, sai dai Allah.

Ni dai Goggo Hauwa ta kai ni na yi umrata. Abin da na ji da na ga Ka'aba ba zan iya faɗa ba, amma rabin zuciyata na can Jarwal a kan buzu. Da na dawo na tarar ya zuba wa ƙofa ido. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya take?" Takaici ya kama ni, na ce, "Je ka gani." Na shige ɗaki na bar shi. Na san na soke shi, kuma da gangan na yi.

Haka ya zauna cikin harami, mako na bin mako. Kai a buɗe cikin ranar Makka, gashi ya yi buya-buya, ƙyallayen nan sun koma ruwan ƙasa, ko mai ya hana in shafa masa. Yana jin kiran sallar Harami daga inda yake zaune, bai taɓa ganin ƙofarsa ba.

Aka ce mana akwai wani maɗori a unguwar, mutumin Katsina, gwani ne a karaya. Ya zo da ƙarti biyu daga cikin masu ɗaukar gajiyayyu a kan makara suna yi musu ɗawafi. Ya duba ya ce jijiya ce ta hau jijiya, ja ɗaya za a yi mata. Ɗaya ya danne kafaɗa, ɗaya ya riƙe damtse, shi kuma ya fizgi yatsun da iyakar ƙarfinsa. Malam da ban taɓa jin ihunsa ba, ranar har maƙwabta sun ji. Suka samu yatsun suka ɗan ɗaga, suka cusa guntun katako suka ɗaure da igiya. Kafin la'asar hannun ya kumbura, ya murɗe katakon gefe, ƙafar ma ta kama rawa ita kaɗai. Na kwance igiyar na yi jifa da katakon. Da maɗorin ya dawo washegari zai ƙara, na tsaya a ƙofa da muciya na ce in ya fasa shigowa bai haifu ba.

Bayan wannan hannun ya fi da rufewa. Sai kuma wari. Na ɗauka ɓera ne ya mutu a ɗakin, na yi ta ɗage-ɗage, ashe daga tafin Malam yake fitowa. Faratan da ban yanke ba a miƙati sun yi ta tsiro a cikin duhu har sun huda nama. Wani ruwa-ruwa mai rawaya ya fara biyo wuyan hannunsa. Goggo Hauwa ta leƙa ta toshe hanci ta ce, "La, la, wannan sai hakim, sai likita. Bukra, gobe da safe, yalla, ko yana so ko ba ya so."

Muka ɗora shi a jakin mai ruwa muka kai shi wani ɗakin shan magani na alhazai. Likitan Ba'indiye ne, siriri, da furfura a gemu, yana jin Larabci. Shi da Malam suna yi da Larabci, Goggo na juya mini. Bai taɓa yatsun ba da farko. Ya zaunar da Malam a kan benci ƙafafu na lilo, ya ɗauko wata 'yar guduma mai kan roba ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwar hagu, ƙafar ta ɗan motsa. Ya ƙwanƙwasa ta dama, sai ta yi wani harbi har ta kusa samun haɓar likitan. Ya kama tafin ƙafar ya tura sama da sauri, sai ta kama karkarwa kamar ta mai taka keken ɗinki, ba ta tsaya ba sai da ya saki.

Ya ce wa Malam, "Ya shehi, kai ka sa ta yi wannan?"

Malam ya ce a'a.

"To hana ta." Ya sake turawa, ta sake karkarwa, Malam ya cije leɓe ya yi iya yinsa, ba ta fasa ba.

Sai likitan ya kama hannun. Ya fizgi gwiwar hannu da sauri, ta cije tsak. Ya saki, ya bari ta huta, sannan ya riƙa ja a hankali, a hankali, kamar ba ja yake ba, sai ga hannun yana biyo shi har ya kusa miƙewa. Na buɗe baki ina kallo.

Abin da ya faɗa, yadda Goggo ta juya mini kuma na riƙe shi har yau, shi ne ciwon ba a hannun yake ba, a ka yake, ɓarin hagu, don ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin dama. Ya ce kowace tsoka tana da 'yan jijiyoyi masu jin an ja ta. In aka ja ta da sauri sai su kai ƙara ga lakar gadon baya, laka kuma ba ta jiran shawarar kowa, nan take take ba da umarni a ja baya. Haka Allah ya yi kowa, don kada tsoka ta yage. Amma a jikin mai lafiya akwai saƙon da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa kullum yana tausar laka, yana ce mata ta yi a hankali. Ciwon da ya kama Malam ya yanke hanyar wannan saƙon. Da fari laka ta yi suman zaune, shi ya sa hannun ya yi laƙwas a Madani. Da ta farfaɗo ta ga babu mai kwaɓarta, sai ta riƙa amsa kowane ɗan taɓi da ihu. Ya ce tsokokin da ke lanƙwasa hannu sun fi masu miƙe shi ƙarfi, shi ya sa suka ci nasara, a ƙafa kuma masu miƙewa ne suka fi.

Malam ya tambaye shi zancen fushi da hamma. Likitan ya yi murmushi ya ce duk masu wannan ciwon haka suke, na kirki da mugaye. Fushi, tsoro, sanyi, tari, zafin ciwo, duk suna zuga lakar. Hamma kuwa ta wata tsohuwar hanya take bi wadda ciwon bai taɓa ba. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba kai ke riƙe da hannun nan ba, ya shehi. Ba ya jin maganarka ne kawai."

Na ga idon Malam ya kawo ruwa, ya sunkuyar da kai.

Likitan ya nuna mini yadda zan yi. A jiƙa hannun a ruwa mai ɗumi, a zaunar da shi inda hankalinsa ke kwance, a fara daga kafaɗa, a sauko gwiwa. A ƙara lanƙwasa wuyan hannun ciki tukuna, sai yatsun su ɗan saki, sannan a zaro babban yatsa daga gindinsa, a riƙe, a jira. In ya turje kada a yi kokawa da shi, a tsaya har ya gaji. Da wannan dabarar ya ɗaga yatsun kaɗan ya wanke ciwon da wani jan magani. Sannan ya ɗauko almakashi. Malam ya janye jikinsa ya ce shi muhrimi ne, yana cikin harami, ba a yanke masa farce. Likitan ya ce ai shi ma Musulmi ne, ya san akwai fidiya ga mai lalura. Malam ya ce bai sha wuyar shekaru ba don ya zo ya yi umra mai faci. Likitan ya ajiye almakashin, ya dube ni, ya ce wa Goggo ta gaya mini: muddin faratan nan na sukar naman, zafin zai riƙa zuga hannun, ba zai buɗu yadda ake so ba, in kuma ruɓar ta shiga jini to ba hannun kaɗai za a rasa ba.

Muka dawo gida na kama aiki. Safe da yamma, ruwan ɗumi, kafaɗa, gwiwa, wuyan hannu. Ni mai gaggawa ce tun ina yarinya, komai nawa fizge-fizge ne, sai ga shi an haɗa ni da aikin da ba ya son gaggawa. In na ƙosa na ɗan ja sai hannun ya rufe, mu koma farko. Goggo na zaune tana tsintar shinkafa tana cewa, "Shuwayya shuwayya, ya Dije, ba jaki kike ja ba." Gwiwar ta fara saki, wuyan hannun ya fara saki, amma da na zo kan yatsu faratan suka motsa cikin ciwon sai ya zabura, komai ya koma. Ga shi nan dai: ba zai yanke farce ba sai ya yi ɗawafi, ba zai yi ɗawafi ba sai hannu ya buɗu, hannu ba zai buɗu ba sai an yanke farce. Na roƙe shi, na yi kuka, na yi masifa. Ya ce in ƙyale shi da Ubangijinsa.

Na lura in ya yi barcin rana jikin nan duk sai ya yi laushi, yatsun su ɗan ɗaga da kansu. Ran nan bayan azahar zafi ya kwantar da shi, har da minshari. Na ari ɗan almakashin Goggo. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Ya binti, zai iya sakinki." Na ce, "Ya sake ni yana da rai." Na durƙusa gefensa, na lanƙwasa wuyan hannun yadda aka koya mini, na zaro yatsun ɗaya bayan ɗaya. Faratan sun yi tsawo sun lanƙwashe, bakinsu duk jini da mugunya. Ina kan na ƙarshe ya buɗe ido.

Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya dubi almakashin, ya dubi 'yan guntayen faratan a kan zanena, hannun ya damƙe nan take har yana rawa. Ya ce, "Kin ci amanata, Dije."

Na ce, "Na ci. In za a sake, zan sake."

Ya juya mini baya. Kwanaki ba ya yi mini magana, in na kawo abinci sai Goggo ta miƙa masa yake ci. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma kullum sai na zo da ruwan ɗumina na zauna, shi kuma bai hana ni hannun ba, fuskarsa dai na bango. Sai wata safiya ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wanda aka yi wa yana barci babu komai a kansa. Fidiyar a wuyanki take. Kuma azumi ba ya isar miki, sai kin ciyar da miskinai shida."

Na ce, "Shi ke nan? Na ɗauka."

Ashe kwanakin nan da ya yi shiru, juya mas'alar yake yi a kansa. Na kafa kaskona a bakin hanya na yi ta suya har na haɗa abin sayen alkama, na auna wa mutum shida na kai musu da hannuna. Miskinai kuwa a Jarwal ba sai an nema ba.

Ciwon ya bushe. Da zafin ya tafi sai hannun ya rage faɗa. Na gano kuma in ina yi masa hirar gida ya fi saki, sai in yi ta zuba: rijiyar ƙofar gidanmu, kunun tsamiyar innarsa, ɗan akuyan da ya taɓa cinye masa takardu. Wata safiya da hantsi muna zaune a inuwar bukka, ina ba shi labarin akuyan nan yana 'yar dariya, babban yatsan na hannuna, sai na ji sauran sun biyo. Ban nuna masa na lura ba. Na ci gaba da labarin ina miƙe su kaɗan-kaɗan har tafin ya shimfiɗu a kan cinyata, fari fat, a yamutse, da tabo huɗu a jere.

Na ce a hankali, "Malam, kada ka yi murna, kada ka yi komai. Goggo, miƙo buta."

Ya yi niyya. Na riƙe masa yatsun ta baya, Goggo na zuba ruwa, ya sa hannun hagunsa ya cuɗa tafin, ya bi tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ruwan na gangarowa ta gwiwar hannunsa yana ɗiga a ƙasa. Ya ƙarasa alwalarsa tsaf, ya ɗago ya ce, "Tashi mu tafi."

"Yanzu?"

"Yanzu, kafin ta karye."

Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba. Goggo ta aika aka kawo jaki, muka gangara. Duk hanya yatsuna biyu na cikin tafinsa, ina tokare da shi don ya sha iska kada ya rufe da damshi. A ƙofar Harami masu makara suka taso za su ɗauke shi, ya ce da ƙafarsa zai shiga. Sanda a hagu, ni a dama, yana zagayo da ƙafar nan taku ɗaya-ɗaya, muka ratsa rumfuna muka fito fili.

Sai ga ta, Ka'aba. Malam ya tsaya cak. Bakinsa na motsi, addu'ar da ya karantar da ɗaruruwan mutane ta ƙi fitowa, sai kuka kamar ƙaramin yaro. Nan take hannun ya rufe a kan yatsuna, damƙar da ban taɓa jin irinta ba, har sai da na ji ƙashina na ƙara. Na san in na fizge zai ƙara matsewa, in kuma na ce a zauna a lallashe shi, wa ya san lokacin da zai saki a cikin wannan taron da wannan kukan.

Muka shiga ɗawafi a haka, ta can gefe inda ba turereniya, Ka'aba na hagunsa ni ina damansa. Tun a zagayen farko yatsuna suka mutu, zafin ya hau har kafaɗa. Ya ji ina cije baki, ya dubi hannayenmu, ya ce cikin kuka, "Dije, ki yafe ni, wallahi ba ni ke matse ki ba."

Na ce, "Na sani, Malam. Riƙe abinka, mu je, saura shida."